Anthia sexmaculata: ƙwaron sahara da rabe-rabensa

Anthia sexmaculata wani baƙin ƙwaro ne mai ɗigo-ɗigon fari a baya, mai dogayen ƙafafu da manyan muƙamuƙai, tsawonsa kan kai wajen santimita 4. Mu nan Zangon Kumasi duk ƙwaro mai taurin baya buzuzu muke ce masa, to amma wannan ba buzuzu bane, shi buzuzu kashi yake mirginawa, wannan ko mafarauci ne, wasu ƙwari yake bi da gudu ya kama. Baya tashi sama sam.

A tsarin masana yana cikin dabbobi, rukunin Arthropoda, ajin Insecta, sai Coleoptera wato masu taurin fiffike, sai dangin Carabidae wanda Latreille ɗan Faransa ya sa ma suna a 1802, dangin da ke da iri sama da 40,000 a duniya. Jinsinsa Anthia, sunan da Weber ya kafa a 1801, ko da yake wasu masanan suna kai shi ƙarƙashin Termophilum, shiyasa zaka ga sunan ya bambanta daga wannan littafi zuwa wancan. Wanda ya fara bayyana shi kuwa Fabricius ne ɗan Denmark a 1787.

Ƙananan rabe-rabensa da aka fi sani biyu ne. Akwai Anthia sexmaculata sexmaculata, na asali kenan, a yashin Arewacin Afirka kamar Maroko da Aljeriya da Tunisiya, sannan akwai Anthia sexmaculata marginata da Latreille ya bayyana a 1823 wanda ake samu daga Masar har kudancin sahara. Abin dariyan shine sexmaculata a Latin mai ɗigo shida yake nufi, amma ka ɗauki marginata ka ƙirga zaka samu sun wuce shida, ga kuma farin layi a gefen fiffike wanda daga nan ne ma sunan marginata ya fito. Kar kuma a haɗa shi da Anthia sexguttata, wancan na Indiya ne, jinsinsu ɗaya amma iri daban ne.

In aka taɓa Anthia sexmaculata yakan feso wani ruwa mai zafi daga bayansa, asid irin na tururuwa, in ya shiga ido akwai raɗaɗi sosai. Yashi da rana yake so, damunan Asante, yankin da Kumasi take, ba nashi bane, don haka kar yaro ya ɗaga dutse a unguwar Aboabo nan Kumasi yace ya ganshi.