Fitilar da ke amsa hannu: tambayoyi kan aikin ɗalibai na haske da sauti

Wane irin aiki ake nufi?

Ɗan akwati ne a kan tebur. Ka miƙa hannu, fitilu su kama, lasifika ta ɗauki amo. Ka matso, amon ya yi sama, launi ya koma ja. Ka janye, komai ya lafa. Tunanin ya daɗe, domin tun wajen 1920 Leon Theremin, ɗan Rasha, ya ƙera abin kiɗan da ake sarrafawa ba tare da an taɓa shi ba, kuma har yau sunansa ake kiran abin da shi.

Me zan fara saya?

Dakata da saye tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya: idan mutum ya yi kaza, na'ura za ta yi kaza. In jimlar ta ƙi rubutuwa, to aikin bai nuna ba. Bayan nan sai ka nemi Arduino Uno, ɗan allon da zai zama ƙwaƙwalwar aikin. A 2005 Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fara Arduino a garin Ivrea na Italiya, domin ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba ne, shi ya sa bai da wuyar sha'ani. Kana ma iya haɗa komai kyauta a Tinkercad, wani shafin intanet da ake gwada haɗin lantarki a fuskar kwamfuta, kafin ka kashe ko kwabo.

Ta yaya na'urar ke gane hannu ya matso?

Da dabarar jemage. Sensar HC-SR04, wato ɗan abin da ke auna nisa, tana da ido biyu: ɗaya ya harba sautin da kunne ba ya ji, mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, ɗayan ya jira amsa-kuwwa. Arduino ya ƙirga lokacin da sautin ya ɗauka zuwa da dawowa, ya mayar da shi nisa, daga santimita 2 har zuwa mita 4. Amma fa zafi yana taɓa lissafin. A digiri 20 sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa, a digiri 40 kuwa kusan 355. Wanda zai nuna aikinsa da bazara ya gwada shi a cikin irin wannan zafin.

Me ya sa fitiluna ke ƙyaftawa, allon yana mutuwa yana tashi?

Yunwar wuta ce, kuma a nan aka fi kā da ɗalibai. Kowace ƙafar Arduino, wato inda ake soka waya, miliyamfa 20 aka so ta bayar (miliyamfa dubu ne amfa ɗaya), abin da zai ishi ƙaramar fitilar LED ɗaya da rezisto mai om 220, wanda ke rage mata wuta. Zirin fitilun WS2812B kuwa, kowane ƙwai yana iya jan miliyamfa 60 idan ya haska fari fat. Ƙwai 30 ke nan sun doshi amfa 2, alhali ramin USB na kwamfuta rabin amfa ya saba bayarwa. Ba wa zirin wutarsa daban mai bolt 5, sannan ka haɗa wayar GND ɗinta, wato ta negetif, da ta allon. Manta wannan waya ɗaya kawai yana sa launuka su yi ta hauka.

Komai yana aiki, amma yana nawa. Ina matsalar?

Wannan ce ta fi damuna, domin ita ke kashe ran aikin. Mutum ya ɗaga hannu, sai bayan rabin daƙiƙa fitila ta amsa, nan take ya daina jin cewa shi ne ke juya ta. Galibi umarnin delay, wanda ake rubuta wa allon don ya dakata na ɗan lokaci, shi ne ya jawo: muddin yana ƙirga, allon ba ya sauraron sensa. Koyi aiki da umarnin millis, wanda ke duba agogo ya wuce ba tare da ya tsayar da komai ba. Zai ci maka yini ɗaya ko biyu, amma ya cancanci wahalar.

Sautin fa? Nawa kamar kukan sauro yake.

Don ka bar shi yana zamewa ne. Raba nisan gida biyar, ka ba kowane gida amonsa da umarnin tone, wanda kake faɗa wa yawan kaɗawar amon a daƙiƙa: 262, 294, 330, 392 da 440. Waɗannan biyar ɗin, duk yadda hannu ya jera su, suna daɗin ji.

Ta yaya zan san na shirya wa ranar nunawa?

Kira ƙaninka ko wata 'yar ajinku da ba ta san aikin ba, ka tsayar da ita gabansa, ka kama bakinka. In ta gano abin yi da kanta, madalla. Lura da tufafi kuma: tafin hannu yana mayar da sauti sarai, amma mayafi ko hannun riga mai laushi yana shanye shi, sensa ta rikice. Wayoyin da ka soka a allon gwaji, mai ramukan haɗa wayoyi na wucin gadi, za su kwance a hanya, don haka kai wa mai gyaran rediyo ya kama maka su da dalma, kuma ka tafi da fawa bank a cike saboda ɗauke wuta.