Mene ne shaferon, furotin ɗan rakiya?

Idan ƙwayar halitta ta ƙera sabon furotin, doguwar sarƙa ce kawai ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Sai ta lanƙwashe ta naɗe ta ɗauki siffarta takamaimai kafin ta yi wani aiki. Christian Anfinsen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1972, ya nuna cewa jerin amino asid ɗin kansa ne ke tsara yadda sarƙar za ta naɗe. To amma a kwalbar gwaji ya nuna haka. Cikin ƙwayar halitta kuwa cunkoso ne, ba masaka tsinke. Sabuwar sarƙa tana da sassa masu gudun ruwa da ya kamata su ɓuya a cikinta. Muddin suna waje, sai su manne da na maƙwabta, su cure su zama dunƙule. Irin wannan curewa ake gani a cututtukan Alzheimer da Parkinson.

Shaferon shi ne furotin da ke hana wannan ɓarna. Asalin kalmar na nufin babba mai yi wa matashiya rakiya. Masanin kimiyya Ron Laskey ya aro ta a 1978, John Ellis ya faɗaɗa ma'anarta a 1987.

Abin da ya fi burge ni shi ne, da sauya siffar kansa yake aikin. Dubi wani shaferon mai suna Hsp70. Yana da gurbi da murfi. Idan yana riƙe da ATP, makamashin ƙwayar halitta, murfin a buɗe yake, sarƙa ta shiga ta fita. Da abokin aikinsa Hsp40 ya zuga shi ya fasa ATP zuwa ADP, wato abin da ya rage bayan an cire makamashin, sai murfin ya rufe ruf a kan sashen mai mannewa. Sabon ATP ya shigo, murfi ya buɗe, a saki sarƙar ta sake gwada naɗewa.

Na ƙwayoyin bakteriya mai suna GroEL ya fi ban mamaki. Kamar ganga yake: zobe biyu a kan juna, kowanne da sassa 7. Bakin zoben yana da danƙon da ke cafke furotin da bai naɗe ba. Da ATP da murfinsa GroES suka hau, sai sassan saman su murɗa su ɗaga, ɗakin ciki ya kusan ninka girmansa, bangon da ke da danƙo ya juya ya koma mai son ruwa. Furotin ya tsinci kansa shi kaɗai, ba abin da zai manne wa, na kimanin daƙiƙa 10. Ulrich Hartl da Arthur Horwich, waɗanda suka bankaɗo aikin wannan dangi, sun samu kyautar Lasker a 2011.

Ka lura, shaferon bai ɗora wa furotin wata siffa ba, kuma ba ya zama cikinsa bayan an gama. Keɓewa da lokaci ya ba shi. Idan murfi ya buɗe sarƙar ba ta naɗe daidai ba, sai a sake cafke ta, a koma zagaye na biyu.