Sanata da Matsalar Wuta da Fetur: Ina Iyakar Ikonsa?

Idan kuɗin wuta ya tashi, sanata zai iya sa a sauke shi?

Shi kaɗai ba zai iya ba. A Najeriya, a matakin tarayya, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ce ke ƙayyade kuɗin lantarki. A watan Afrilun 2024 ta ɗaga wa masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ware wa wuta ta awoyi mafi yawa a rana, zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Abin da ke hannun sanata shi ne ya tilasta wa hukuma ta fito ta yi bayani a bainar jama'a, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To ta wace hanya yake tambayar gwamnati?

A Faransa ministoci kan zo majalisar dattawa su amsa tambayoyin baki, akwai kuma tambayoyi a rubuce da ake bugawa tare da amsoshinsu a jaridar gwamnati, kowa ya karanta. Tsarin Najeriya na shugaba mai cikakken iko ne, don haka minista ba ɗan majalisa ba ne. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 su suka ba majalisa damar bincike da sammacin duk wanda take buƙatar jin ta bakinsa. A kwamiti ake wannan aikin, kamar kwamitin lantarki ko na man fetur, inda ake zaunar da minista ko shugaban NNPC a tambaye shi ina kuɗin suka shiga, me ya sa tashoshin samar da lantarki ba sa samun iskar gas.

Ƙudurin da aka amince da shi ba doka ba ne?

A'a, kuma a nan jama'a ke ruɗewa. Ƙudurin gaggawa shawara ce kawai, gwamnati na iya yin biris da ita. Dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu ce ke canza al'amura. Dokar man fetur ta 2021 ta mai da NNPC kamfani. Dokar lantarki ta 2023, bayan gyaran tsarin mulki a shekarar, ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita.

Da me za a auna sanata cikin mutum 109?

A ganina, yawan tsayawarsa a zaure ba ma'auni ba ne. A duba ko yana halartar zaman kwamiti, ko ya karanta kasafin ma'aikatar lantarki kafin ya amince da shi. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tambaya mai amfani ita ce nawa aka rage, kuma a wane aiki aka kashe. Sanatan da ya yi ta, ya sake dawo da ita bayan watanni yana neman takardu, shi ya yi wa mazaɓarsa aiki.