Zama Ɗan Ikilisiya a Tsakanin Kiristocin Jihar Tahoua

Zama ɗan ikilisiya shi ne Kirista ya ɗaure kansa da jama'ar masu bi guda ɗaya a garin da yake zaune, a rubuta sunansa cikin littafinta, ya yarda dattawanta su kula da shi, shi ma ya ɗauki rabonsa na nauyinta. Kiristoci masu jin Hausa suna bambanta ikilisiya, wato mutanen, da majami'a ko coci, wato ginin da suke taruwa. Mutum zai iya shekara yana zuwa sujada ran Lahadi ba tare da ya zama mamba ba.

A jihar Tahoua, kamar sauran Nijar, Kiristoci 'yan tsiraru ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi da ke jihar Tahoua a 1950, kuma daga aikinta ne ikilisiyar EERN, wato Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito a farkon shekarun 1960. 'Yan Katolika na jihar suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001.

A ikilisiyoyin bishara, ƙofar shiga ita ce baftisma. Mai nema yakan yi watanni a ajin koyarwa, sannan ya zauna gaban fasto da dattawa su tambaye shi shaidar tubarsa da yadda yake zaune da iyalinsa da maƙwabta. In sun gamsu, a nutsar da shi cikin ruwa a gaban jama'a, a ba shi izinin cin Jibin Ubangiji, wato cimar da masu bi ke ci tare don tunawa da mutuwar Yesu. Katolika suna yi wa jarirai baftisma, babba kuwa sai ya yi shekaru yana koyon katikisim, wato koyarwar addinin, akasari a karɓe shi a daren Ista.

Abin da ake jira daga mamba sananne ne: zuwa sujada da taron addu'a, fid da zakka da baiko, da shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ikilisiya. Masu wa'azi sukan kafa hujja daga Littafi Mai Tsarki da Ibraniyawa 10:25, inda aka gargaɗi masu bi kada su daina taruwa, da 1 Korintiyawa 12, inda aka kwatanta ikilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa. A ƙauye manomi yakan kawo zakkarsa da damin hatsi bayan girbi. Zumuntar mata ta cancanci a ambace ta daban, domin su ne ke zuwa gaida mai jego da marar lafiya, su ne ke girki ranar biki da ranar makoki, kuma sau da yawa su suka fi cika kujeru. Duk wanda ya san waɗannan majami'u ya san da wuya su tsaya in babu su.

Inda masu bi ba su da yawa, alkawarin zama mamba yana da nauyin da mai kallo daga waje ba ya gani. Wanda ya fito daga gidan da ba na Kirista ba yakan gamu da sanyin dangi, wani lokaci har a janye masa hannu wajen aure ko gado. A nan ikilisiya ce ke zame masa dangi: dattijo ya tsaya masa a matsayin baba wajen neman aure, 'yan'uwa su haɗa kuɗin magani, su haƙa kabari in mutuwa ta zo. Shi ya sa “ɗan'uwa” da “'yar'uwa” da ake kiran juna da su suke da gaske. Bayan ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, jama'o'in da abin ya shafa sun ci gaba da taruwa a gidaje da ƙarƙashin rumfuna kafin a sake gini.

Akwai kuma horo. Mamban da aka samu da zina, ko maye, ko ƙara mata bayan baftisma, akan dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da riƙe muƙami har sai ya tuba an maido shi. Manufar ita ce gyara, ko da yake a jama'ar da kowa ya san kowa, kunyar takan kori wasu gaba ɗaya, abin da ya kamata dattawa su yi hattara da shi.

Abin da ya fi gwada aminci a Adar, wato yankin Tahoua, shi ne tafiya. Samari suna cin rani a Abijan, Najeriya ko Libiya, ana canja wa ma'aikata wurin aiki, ɗalibai suna wucewa Yamai karatu. Al'adar ita ce mai tafiya ya karɓi takardar shaida daga fastonsa ya miƙa wa ikilisiyar da ya tarar, domin a san shi a can, a kuma san inda ya nufa a nan. Da yawa ba sa yin haka, sai sunansu ya zauna cikin littafi shekara da shekaru, ƙaramar majami'ar ƙauye kuwa ta rage da tsofaffi da mata da yara har damina ta dawo da masu cin rani.