Kafin ka tura saƙon "ƙanƙara na tafe" ko ka ɗau hanyar Tabuk, ga abin da dokar Saudiyya ta ce

Da zarar Marba'aniyya, kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi a Saudiyya, ta kama, wato wajen 7 ga Disamba, guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp sai su koma ofishin hasashen yanayi. Wannan ya turo murya yana cewa jibi dusar ƙanƙara za ta rufe Tabuk, wancan ya ce ai har Madina za ta kai, wata ta turo bidiyon raƙuma a tsakiyar farin fili ba kwanan wata ba sunan gari, kafin la'asar samari sun fara karo-karon kuɗin mai. Ni dai ban ga laifin ɗokin ba. Wanda ya tashi a Sharar Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda, fiye da rabin shekara da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake kwana, in aka ce masa ga dusar ƙanƙara a cikin ƙasar nan ba sai ya nemi bizar ko'ina ba, dole ransa ya biya. Sai dai akwai dokoki a kan harkar nan tun daga maganar da za ka yaɗa har itacen da za ka hura a gindin dutse, kuma da yawanmu ba mu sanin su sai saƙon muhalafa, wato tarar saɓa doka, ya shigo waya.

Bari mu fara da ta bakin, don ita ta fi ba mutane mamaki. A 2021, wato 1442 Hijiriyya, Saudiyya ta fitar da doka sukutum a kan hasashen yanayi, Nizamul Arsad. Hukumar da aikin ke hannunta ita ce cibiyar yanayi ta ƙasa mai hedkwata a Jidda, wadda kowa ke ce wa Arsad. Dokar ta raba abin gida biyu. Akwai ayyukan yanayi da suka shafi tsaron ƙasa, waɗannan cibiyar kaɗai ke da hurumin yin su, wanda ya tsoma hannu a ciki hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 10 da tara har riyal miliyan 2. Wannan ba ta shafi irina da irinka ba, kada wani ya firgita ka da ita, don na ga masu ɗauko wannan adadin suna cewa wai duk wanda ya ce gobe za a yi ruwa shekara goma zai sha, ba haka ba ne. Gida na biyun shi ne ya matso kusa da mu: duk mai son ya yi aikin hasashen yanayi ko ya riƙa wallafa bayanan yanayi, ko ta shafin intanet ko ta wata hanya, sai ya nemi lasisi ko izini daga cibiyar. Wanda ya saɓa akwai tara, mai lasisi kuma ana iya dakatar masa da shi ko a soke.

To ina ne iyakar? A fahimtata, in ka ɗauko sanarwar Arsad yadda take, da tambarinta da lokacinta, ka tura wa guruf ɗin 'yan garinku, ka yi abin da ake so ne, ai don a yaɗa suke fitarwa. Matsalar tana farawa ne daga ranar da ka buɗe shafi a TikTok ko Snapchat ka naɗa kanka masanin yanayi, kana kallon taswirar wata manhajar ƙasar waje kana yanke hukunci da bakinka, ranar kaza ƙarfe kaza ƙanƙara za ta sauka a gari kaza, a rufe makarantu. Wannan ka shiga gonar da ba taka ba, ko da kuwa ka dace abin ya faru.

Sannan akwai wadda ta fi wannan haƙori, dokar laifukan intanet ta 2007. Sashe na 6 ya ce wanda ya ƙirƙira ko ya shirya ko ya tura abin da zai taɓa zaman lafiyar jama'a ta intanet, ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 3, ko ɗaya daga ciki, kuma Niyaba, wato ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati, ta sha tunatarwa cewa yaɗa jita-jita yana shiga nan. Ku lura da "ya tura" ɗin nan, ba wanda ya haɗa ƙaryar kaɗai ake nufi ba. Mutanen Makka za su tuna farkon Janairun 2023 da aka yi ta yawo da bidiyon wai dusar ƙanƙara na zuba a Harami kan masu ɗawafi, har sai da kakakin Arsad, Husaini Alƙahɗani, ya fito ya ce haɗi ne. Dattawanmu nawa suka tura shi Kano da Zinder da "Allahu Akbar" a ƙasa? Da kyakkyawar niyya suka yi, na sani, amma yanzu da kowane yaro ke iya haɗa irin wannan bidiyo a waya cikin minti biyu, Baba, Hajiya, don Allah in ba ku gani a shafin hukuma ba ku bar shi ya mutu a wayarku.

Ita sanarwar gaskiyar tana da kama, ba ta ɓuya. Za ka ga launi, rawaya ko ruwan lemo ko ja. Za ka ga sunan yanki da garuruwan da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, ba "arewacin Saudiyya" kawai ba. Za ka ga lokacin farawa da na ƙarewa har da awa, sai abin da ake tsoro: iska mai ƙarfi, raguwar gani, ƙanƙara, ambaliyar kwari, ko saukar sanyi ƙasa da sifiri. Rawaya ka sa ido ne, ruwan lemo ka shirya, ja kuwa ka bi umarnin Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara da ceto, ka bar ganganci. Duk yana cikin manhajarsu ta Anwa da shafinsu na X. Abin da mutane ke yawan ruɗewa a kai shi ne jan gargaɗi shi kaɗai ba hutu ba ne. Dakatar da zuwa makaranta hukumar ilimi ta yankin ce ke sanarwa, kuma galibi ba hutu ake bayarwa ba, darasi ake mayarwa manhajar Madrasati, yaro yana gida amma yana aji. Ma'aikaci kuma kada ya ga ja a waya ya ja bargo ya ce gwamnati ta ce a zauna, ka kira mai gidanka ko mudirinka tukuna.

Kuma wannan lokacin ƙarewa da ake rubutawa ba ado ba ne. Dusar ƙanƙara a ƙasar nan sai abubuwa sun haɗu lokaci guda: iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga arewa ta Sham da Jodan, ta tarar da laima a sama, sannan wurin ya kasance mai tsayi. Shi ya sa kusan kullum sunayen nan dai ake ji, dutsen Jabalul Lauz da ya haura mita 2,500, Alƙan, Zaita, duk a yankin Tabuk, wani lokacin ɓangaren Ɗuraif da Ƙurayyat. In sanyin ya iso laimar ta riga ta wuce, sai dai ka sha hunturu a banza. In kuma ta zuba, sau da yawa rana na ɗagawa ta fara narkewa. Daga Madina zuwa Tabuk kusan kilomita 700 ne, daga Tabuk zuwa dutsen kuma da sauran tafiya mai tsawo, ka ga wanda ya taso daga Jidda a kan muryar wani da aka turo shekaranjiya, taɓo zai je ya tarar.

Sai hanya. Guguwar da ke kawo dusar ƙanƙara a kan dutse ita ce ke zubar da ruwa a ƙasa, kwarin da ka wuce da safe busasshe ƙayau, da yamma ka dawo ka tarar da ruwa ja yana tafe da duwatsu da itatuwa, ƙararsa kaɗai ta ishe ka. Ratsa kwari yana cikin gudu muhalafa ce a dokar Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, tararta daga riyal 5,000 zuwa 10,000. Ba sai motar ta tafi ba, ba sai an zo ceto ba, shigar kawai laifi ne, kuma da yawan waɗanda ake kamawa bidiyon da abokansu suka ɗauka suna ihu suna tafi ne ke tona su. Direban zai ce wai ai motarsa mai jan ƙafa huɗu ce. Ruwa bai san wannan ba, Murur ma ba ruwansu.

Haka wasa da mota a kan santsi, wanda samari ke gani kamar nishaɗi ne tunda fili ne ba kowa. In aka rubuta maka shi a matsayin tafhiɗi, wato wasan ganganci da mota, karon farko riyal 20,000 ne da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000, na uku 60,000. Riƙe waya kana tuƙi don ɗaukar farin dutse 500 zuwa 900. In kuma ka iske jami'an tsaron hanya sun rufe hanyar hawa dutsen, wanda suna yi in santsi ya yi yawa ko motoci sun cushe, ka juya kawai, kada ka bi ayarin masu zagayawa ta cikin daji.

Wanda ya fi kama mutanenmu ba su ankara ba shi ne itace. Mu a gida in ka je daji sanyi ya dame ka, ka karyo busasshen reshe ka hura, wa zai tambaye ka? Nan ba haka ba ne. Akwai runduna guda ta tsaron muhalli, Amnul Bi'i, kuma lokacin sanyi ne kasuwarsu ke ci, kusan kullum suna wallafa waɗanda suka kama. Hura wuta a wurin da ba a keɓe ba cikin gandun daji ko wurin shaƙatawa na ƙasa, tara har riyal 3,000. Kafa tanti a irin wuraren nan ba izini, shi ma har 3,000. Shiga da mota cikin fadamun da aka killace kana tattake tsiro, har 2,000. Sare itace kuwa har 20,000 a kan kowace bishiya ɗaya. Sannan ɗauka ko sayarwa ko ajiye itace da gawayin cikin gida, irin na bishiyoyin da ake kira samur da gada da arɗa, har riyal 16,000 a kan kowane mita kubik. Wato ko ba kai ka saro ba, in ka tsaya a bakin hanya wani ya sayar maka da samur mai arha ka loda a but, kai ne mai ɗauke da shi a shingen gaba. Mafita mai sauƙi ce, itacen da aka shigo da shi daga waje halas ne, yana nan a shagunan kayan zango a ɗaure cikin buhu ko kwali da rubutun ƙasar da ya fito, ka saya ka ajiye rasit ɗin a aljihun mota, ka tafi da murhunka na ƙarfe don wutar kada ta taɓa ƙasa. Gawayin kuma kada ya kwana da ku cikin tanti a rufe, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci, Difa'ul Madani duk shekara sai sun yi wannan gargaɗin.

'Yan uwa direbobin gida, ku abin ya fi shafa. Motar kafili ce, wato mai gidan da ya ɗauke ka aiki, wataƙila ma yaran gidan ne suka matsa a kai su su ga talji, wato dusar ƙanƙarar, ɗan shekara sha bakwai yana bayanka yana cewa shiga kawai ya Muhammad ruwan ba zurfi. In aka tare ku a bakin kwarin, wanda ke riƙe da sitiyari za a tambaya iƙama, wato katin izinin zama, muhalafar kuma a lambarka za ta zauna, kuɗin da ya fi albashin wata uku na mutane da yawa. Gara ka kira uban yaran a gabansu ka ce Murur sun hana, ya ji da kunnensa. In kuma motar aboki kuka ara, a yi maka tafwili, wato izinin tuƙa motar, a manhajar gwamnati ta Absher kafin ku tashi, kowa ya ɗauki iƙamarsa mai rai, don hanyar arewa shingaye ne da ita kuma yankin kusa da iyaka yake. Wanda takardunsa ba su cika ba, wallahi ya haƙura ya kalla a waya.

Tarar Murur tana fitowa a Absher, kuma matuƙar ba ka biya ba bizar fita da dawowa ba za ta fita ba, sai ka zo tafiya gida hutu ko biki ka tarar da ita tana jiranka. In kana ganin an zalunce ka, misali an rubuta maka ranar da ba kai ke da motar ba, kana da kwana 30 ka shigar da ƙorafi ta cikin Absher ɗin, bayan nan ƙofar ta rufe. Lambobin da za ka ajiye kafin ka tashi: 998 Difa'ul Madani, 997 motar asibiti ta Hilalul Ahmar, 996 tsaron manyan hanyoyi. Ka cika tanki a gidan mai na ƙarshe, ka kuma gaya wa wani a gida hanyar da kuka bi da lokacin da zai sa ran kiranku, don a tsakanin duwatsun nan sabis yana ɗaukewa.