Waiwaye: Rabon ruwa tsakanin ƙasar Sakkwato da Nijar

Tafkin Kalmalo da ke kusa da Illela ruwan Maggiya yake sha, Maggiya kuwa daga Nijar take gangarowa. Da aka datse ta don noman rani a yankin Birnin Ƙonni, sai tafkin ya yi ta janyewa, masunta da masu lambu suka koka. Amma fa mu ma 'yan Najeriya ba kanwar lasa ba ne. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Nijar, sannan ya dawo ya faɗa Rima. Madatsar Jibiya a kansa take zaune, manoman fadamar Maraɗi kuma irin kukan mutanen Illela suke yi.

Fari ne ya fara tona wannan matsala. Bayan na farkon shekarun 1970, sai na 1984 ya biyo, har Kogin Kwara ya daina gudu a Yamai a 1985. Kowace gwamnati ta duƙufa tare ruwa: an kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan Maggiya, Gulbin Maraɗi, Tagwai da Komadugu Yobe, aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima a nan Sakkwato a 1998. A takarda ba ta da laifi, sai dai manomin albasa bai ga ta ƙara masa ruwa a rijiya ba.

Yanzu sauyin yanayi ya sa damina ta zama ba tabbas. A 2010 ambaliyar Rima ta cinye ƙauyuka, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 Goronyon nan ta kusa ƙafewa, birnin Sakkwato ya shiga ƙamfar ruwa, 'yan ga-ruwa suka ci kasuwa.

Babban ƙullin yana kan Kwara. An daɗe ana kallon wutar lantarkin da Najeriya ke tura wa Nijar ta Birnin Kebbi a matsayin ladan barin ruwa ya iso madatsar Kainji. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta katse wutar, ba a maido ta ba sai Maris 2024. A ganina wannan ya ba Yamai hujjar da take nema ta ƙarasa madatsar Kandaji a kan Kwara a yankin Tilaberi, wadda aka aza harsashinta tun 2008.