Waiwaye: Yadda kaciya ta tashi daga ɗan shekara bakwai ta koma kan jaririn kwana bakwai

Duk lokacin da labarin yaron da aka ji wa rauni wajen kaciya ya zaga unguwannin Aboabo ko Asawase a birnin Kumasi na Gana, gardama iri ɗaya ce ke tashi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Wasu su ce zamanin wanzamai ya wuce, a hana su taɓa ɗan kowa. Wasu su ce ai asibiti ne ke ɓata yara, don kakanninmu da aska aka yi musu kuma lafiya lau suka haife mu. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya abin ya faro. Ni dai tun da ya shigo gidanmu, a kan ɗan ƙanwata, na koma bin sawunsa, kuma sawun ya yi nisa.

Farkon labarin sananne ne. Wanzanci ya biyo fataken goro zuwa garin Salaga da ke arewacin Gana. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, jama'a suka bazu Kete Krachi da Accra da Kumasi, kuma bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 tsakanin Asantawa da Turawan Ingila Zangon Kumasi ya cika ya batse. Duk inda zango ya kafu, akwai wanzami da zabirarsa: aski, ƙaho, cire beli, kaciya. Har yau wanda bai iya ko "sannu" ba a Gana ya san kalmar "wanzam". Ta ɓangaren asibiti kuwa, a 1954 aka kammala babban asibitin Kumasi da tsofaffi ke kira Gee, wanda ya zama Komfo Anokye, ya kuma zama asibitin koyarwa a 1975, shekarar da aka buɗe makarantar likitanci a jami'ar garin.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne sauyin da ya auku a tsakanin waɗannan biyun, a hankali, ba tare da doka ko shela ba.

A da Asantawa ba sa kaciya. A wurinsu jiki cikakke ake so, har mai kaciya ba ya hawa kujerar sarauta. Ke nan kaciya a Kumasi aikin zango ne da wasu baƙi, mutane ƙalilan a cikin babban gari. Kuma a al'adar Bahaushe ba jariri ake yi wa ba. Yaro sai ya kai shida ko bakwai, a tara su da sa'o'insa lokacin hunturu don ciwo ya fi saurin bushewa, a yi musu da sassafe, su yi kwanaki suna jinya ana yanka musu kaji. Mai yin aikin kuwa gado ya yi. Ya shekara da shekaru yana ɗaukar wa ubansa zabira, yana wasa aska, yana aske kawunan yara, yana riƙe ƙafafu yana kallo, kafin a miƙa masa askar. Idan hannunsa ya goce, gari duka ya san ɗan gidan wane ne.

Cikin ƙarni na ashirin wannan tsari ya juye ta fuska biyu. Kaciya ta fita daga zango ta game gari. Zaman cuɗanya da makarantun kwana da gorin da samari ke yi wa marar kaciya suka sa iyayen da kakanninsu ke ƙyamar abin suka fara neman wanzami da kansu, har ta kai yau fiye da tara cikin goma na mazan Gana masu kaciya ne. Sannan shekarun suka yi ta sauka, daga bakwai zuwa goye, daga goye zuwa makon suna. Iyaye mata suka ga jariri bai san gudu ba, bai san tsoro ba, kuma ciwonsa na saurin warkewa. Gaskiya ne. Amma aikin da ake yi wa 'yan yara kaɗan sau ɗaya a shekara ya zama na kowace rana a kan kusan kowane namiji da aka haifa a birni, gidajen da suka gaji sana'ar kuwa ba su ƙaru daidai da haka ba. Giɓin sai ya cika da duk wanda ya samu: mai askar da bai taɓa ɗaukar zabirar kowa ba, da ma'aikacin jinyar da kallo ne kawai ya koya masa. Da haihuwa ta ƙara komawa asibiti, musamman bayan an fara kula da masu ciki kyauta a 2008, wanda alheri ne babba, sai uwa ta ga ya fi mata sauƙi ta koma wurin da ta haihu a yi wa yaron.

Gaban jaririn kwana bakwai bai kai ɗan yatsan uwarsa ba. Hanyar fitsari tana kwance ne daf da fata ta ƙasa, daidai wurin da wata 'yar jijiya ke zubar da jini idan an yanke loɓa. Mai aiki ya ga jini ya ƙi tsayawa, hankalinsa ya tashi, ya zurfafa ɗinki, allura ta haɗa da hanyar fitsarin. Bayan kwanaki wurin ya huje. Haka nan idan aka matse fata da ƙarfe aka yanka ba a lura ba, kan gaban na iya tafiya tare da ita. Akwai kuma yaran da ake haifa ƙofar fitsarinsu a ƙasa, kamar ɗaya cikin maza 200 zuwa 300, waɗanda tsofaffi kan ce sun zo da kaciyarsu. Irin waɗannan bai kamata a taɓa su ba sam, domin da wannan fatar likita zai yi gyara. Wanda ba a koya wa ba, ina zai gane?

Waɗanda suka fara mayar da wannan magana daga jita-jita zuwa lissafi su ne likitocin mafitsara masu koyarwa. Aikinsu ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. Da safe su ga marasa lafiya, da rana su koyar da ɗalibai, sannan su zauna su rubuta kowane yaro: kwanansa nawa aka yi masa, a ina, wa ya yi, wane irin rauni ne. A Komfo Anokye an yi irin wannan tattarawa daga 2012 zuwa 2014, aka buga a 2016. Cikin wata 18 yara 72 aka kawo da raunin kaciya. Fiye da uku cikin huɗu hujewar hanyar fitsari ce, wasu kuma an datse musu gaba. Mafi yawansu ma'aikatan jinya ne suka yi musu, na hannun wanzamai kamar ɗaya cikin biyar. Wannan bai wanke wanzami ba, domin lissafin na waɗanda suka iso asibiti ne kaɗai, kuma mun san yadda kunya ke sa a ɓoye yaro a ɗaki shekara da shekaru. Amma ya nuna cewa farar riga ita kaɗai ba ta koyar da hannu. Shi ya sa nake ganin masu cewa a zaɓi tsakanin aska da asibiti sun bar jaki suna dukan taiki.

Ɗan ƙanwata kwanansa tara aka yi masa, a wani ƙaramin wurin haihuwa. Sai da ya fara tsayuwa uwarsa ta lura fitsarinsa na fita ta wuri biyu, ɗaya gaba, ɗaya yana bin cinya. Wata uku tana wanke wanduna ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar da ta kira ni ɗaki, kanta a sunkuye ta ce, "Yaya, ka duba mini yaron nan, ni na kasa gaya wa babansa." Muka je asibiti, muka bi layi tun asuba, domin masu wannan fanni ba su da yawa, kuma daga garuruwa masu nisa ake turo musu yara. Likitan ya duba, ya zana mana abin a takarda, ya ce laifin ba na uwa ba ne. Ya tambayi inda aka yi da ranar da aka yi, ya rubuta.

An yi masa aiki, ya kwana goma da robar fitsari, uwarsa na riƙe da hannayensa dare da rana kada ya fizge. Ranar da aka cire, muka tsaya mu uku a bayan ɗakin jinya muna kallon ɗan shekara biyu yana fitsari a kwata, zare ɗaya, miƙe. Ƙanwata ta fashe da kuka.

Bara ta sake haihuwar namiji. Kafin suna ta sa aka kai shi likita ya duba ƙofar fitsarinsa, sannan ta tambayi wanda zai yi kaciyar a hannun wa ya koya, kuma shekara nawa. Na farkon da ta tambaya ya ɓata rai, ta ɗauki ɗanta ta fito.